HAƘƘIN MAI JEGO DA JINJIRINTA IDAN LOKACIN KOMAWA AIKI YA YI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halitta ɗan Adam a cikin mahaifa, ya fito da shi duniya bai san kome ba, kana ya tanadar masa abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai iya roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, kwanakin baya wani bawan Allah ya tare mu a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, ya ce yana da tambaya. Matarsa malama ce a wata makaranta mai zaman kanta. Ta haihu, hutun da aka ba ta ya ƙare, jinjirin kuwa bai cika wata biyu ba. Mai makarantar ya aiko cewa in ba ta koma ranar Litinin ba, za a ba wata ajinta. Mahaifiyar mijin ta ce a bar aikin, ai ba a taɓa jin mai ɗanyen goyo ta bar ɗanta tun safe har azahar ba. Shi kuma ya san cewa albashin matar nan yana cikin abin da ke riƙe da gidan. Ya ce: "Malam, me shari'a ta ce, kuma wa ke da laifi in yaron nan ya cutu?"

Wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, akwai mata masu yawa da ke koyarwa, da masu aikin likita, da ungozomomi, da masu aikin ofis, da masu aikatau a gidajen mutane. Kowace daga cikinsu in ta haihu sai wannan rana ta zo mata. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kai, gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

ABIN DA ALLAH YA HUKUNTA GAME DA SHAYARWA

Ku sani cewa Allah Maɗaukakin Sarki bai bar sha'anin shayarwa ga son ran mutane ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, ya iyakance cikar shayarwa da shekara biyu ga wanda ya yi nufin cikawa. A cikin ayar nan ɗaya ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ya hana a cutar da uba saboda ɗansa. Ya nuna cewa yaye kafin lokaci ba ya yiwuwa sai da yardar uwa da uba da shawara tsakaninsu. Ya kuma halatta a nemo wata mace ta shayar, matuƙar an biya ta abin da aka yi alkawari. A cikin Suratu Luƙman, aya ta 14, ya ambaci raunin da uwa ke sha a kan rauni, a cikin Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ya haɗa ɗaukar ciki da yaye a wata talatin. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa ya yi umurni da a biya matar da aka saki ladan shayarwarta. To, abin da aka yanka wa lada aiki ne, ko da mutane ba su lissafa shi cikin ayyuka.

Dubi kuma irin sauƙin da shari'a ta yi wa mai jego. An ɗauke mata salla muddin tana cikin jinin biƙi, wanda mafi tsawonsa a mazhabar Imamu Malik kwana 60 ne. An yi wa mai shayarwa rangwame ta sha azumi idan ta ji tsoro ga ɗanta kuma ba ta sami wadda za ta shayar da shi ba, ko ya ƙi karɓar nonon wata, sai ta rama daga baya ta kuma ciyar. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita, don ya san halin da zuciyar uwar ke ciki. Imamu Muslim ya ruwaito labarin matar nan Bagamidiya wadda ta zo da kanta tana neman a tsayar mata da haddi. Annabi (S.A.W.) ya mai da ita har ta haihu, ya sake mai da ita har ta yaye, sai da ta zo da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa a hannunsa.

To, ya ku bayin Allah, idan salla ta jam'i an taƙaita ta saboda kukan jinjiri, azumin farilla an jinkirta shi, haddin Allah ma an dakatar da shi har yaro ya ƙoshi da nono, wane aiki ne na ofis ko na kanti da ya fi ƙarfin a sassauta shi saboda jinjiri?

SHIN YA HALATTA TA KOMA AIKI?

Wasu za su ce maganin abin mai sauƙi ne, mace ta zauna gidanta, shi ke nan. Lalle zaman uwa tare da ɗanta shi ne asali, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce shayarwa wajibi ce a kan uwa muddin tana ƙarƙashin igiyar auren uban, in ban da wadda irinta ba su saba shayarwa ba, ko mai uzuri. Wadda Allah ya hore wa hali ta zaɓi ta ajiye aiki don renon ɗanta, ta yi abu mai kyau, kuma kada kowa ya raina ta.

Amma shari'a ba ta haramta wa mace neman halal ba. Uwar muminai Nana Hadiza (R.A.) ƴar kasuwa ce. Nana Zainab ƴar Jahshi (R.A.) tana jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta daga dukiyarta, aka kuma yi mata bushara da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Innar Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) tana cikin idda aka hana ta fita yankan dabinonta, Annabi (S.A.W.) ya ba ta izini. Sharuɗɗan da malamai suka gindaya sanannu ne: aikin ya zama halal, ta fita da sutura da kamun kai, da yardar mijinta, kuma kada haƙƙin da ke kanta ya tozarta.

Akwai ma ayyukan da tsayuwar mata a kansu farilla ce ta kifaya. Mu ne ke cewa ba mu so namiji ya karɓi haihuwar matanmu. Mu ne ke son mace ta karantar da ɗiyanmu mata. To, ungozomar nan da malamar nan su ma matan aure ne, su ma suna haihuwa. In kowace ta ajiye aiki daga haihuwar fari, wa za mu tarar a ɗakin haihuwa ranar da muka kai namu cikin dare? Wanda ke cin amfanin aikin mace, wajibi ne ya ɗauki rabonsa na nauyin goyonta.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Da yawa daga cikinmu ana cutar su ne don ba su san abin da ke rubuce ba. Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka kafa ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14 a jere, mako 8 daga ciki bayan haihuwa. Idan ciki ko haihuwa ya jawo mata rashin lafiya, likita ya tabbatar, ana iya ƙara mata mako 3. Ba a yarda mai ba da aiki ya sallame ta a cikin wannan hutu ba. Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, yana biyan ta rabin albashinta a tsawon hutun, amma fa sai wadda aka rubuta sunanta a can. Bayan ta koma, tana da damar hutun shayarwa da bai wuce awa ɗaya a kowace ranar aiki ba, har yaron ya cika wata 12. Wannan doka ta shafi masu aiki a kamfanoni da wurare masu zaman kansu, ma'aikatan gwamnati kuwa suna da nasu tsari dabam. A shekarar 2019 kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniya ta 183 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wadda ta shafi kare mai ciki da mai jego.

Babu abin da ya saɓa wa shari'a a cikin waɗannan, hasali ma suna ƙarƙashin hanin da Allah ya yi na cutar da uwa saboda ɗanta. Musulmi kuma yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Wanda ya buɗe makaranta ko kanti ko gidan magani a ƙarƙashin wannan doka, ya ɗauki alkawari ke nan, Allah kuwa ya yi umurni da cika alkawari a farkon Suratul Ma'ida.

Sai dai mu yi lissafi. Mako 8 kwana 56 ne. Ke nan mace na iya komawa aiki tun ba ta kai iyakar kwanakin biƙi da malamanmu suka ambata ba. Hukumar lafiya ta duniya kuwa tana horo da a ba jinjiri nono zalla har wata 6, ba ruwa ba kunu, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, daidai da abin da Alƙur'ani ya zo da shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Tsakanin kwana 56 da wata 6 akwai wajen wata huɗu. A cikin watannin nan yaro yana iya shiga haɗari, kuma doka ita kaɗai ba ta cike wannan giɓi. Tsoron Allah da taimakon juna su ne ke cike shi.

DARASI DAGA SARKIN MUSULMI UMARU

Malaman tarihi, cikinsu har da Ibnu Sa'ad, sun kawo cewa wani ayarin fatake ya sauka Madina a zamanin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi (R.A.). Shi da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) suka kwana suna tsaron ayarin. Cikin dare Umaru ya ji kukan jinjiri, ya je ya ce wa uwar ta ji tsoron Allah ta kyautata wa ɗanta. Kukan bai tsaya ba, ya sake komawa, har sau uku. A ƙarshe ya yi mata faɗa. Matar ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa cewa yaye take son yi masa da ƙarfi, domin Umaru ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Ya tambayi watannin yaron, ta faɗa masa, ashe ƴan watanni ne kawai. Da asuba ya yi wa mutane limanci, kuka ya rinjaye shi har ba a gane karatunsa. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka ƴaƴan musulmi, ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye, daga yau kowane jinjiri yana da rabo tun ranar da aka haife shi. Ya kuma rubuta haka zuwa sauran garuruwa.

Ku lura da abin da Umaru ya yi. Da farko ya ga laifin uwar. Da ya bincika sai ya tarar tsarin da shi kansa ya kafa ne ya tura ta ga abin da take yi. Bai ce ai dokar baitulmali ke nan ba, bai jira shekara ta kewayo ba, a safiyar nan ya sake tsarin. Duk wanda Allah ya ba iko a kan wasu, ko da ma'aikata uku ne, ya tambayi kansa: akwai jinjirin da ke kuka yau saboda ƙa'idar da na kafa?

NASIHA GA MASU BA DA AIKI

Ya kai ɗan'uwa mai kamfani, ko mai makaranta, ko shugaban ma'aikata, ka sani ya tabbata cikin Buhari cewa mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Hutun haihuwa da awar shayarwa suna cikin ladan ma'aikaciya. Wanda ya ƙi rubuta ta a CNSS don ya rage kashe kuɗi, ranar da ta haihu ta rasa abin da ya kamata ta samu, to, ya ci haƙƙinta da na jinjirinta. Wanda ya ga cikinta ya fito ya shiga neman dalilin korarta, ko ya bari ta dawo ta tarar an ba wata wurinta, Allah yana ganin abin da ya ɓoye.

Sassautawa kuwa ba ta da tsada. A ba ta damar ta haɗa awarta ta tashi da wuri. A keɓe ɗaki ko inuwa mai sutura inda mai reno za ta zauna da yaron kusa da ita. A ɗauke mata aikin dare da tafiye-tafiye na ɗan lokaci. In za a sake mata wurin aiki, kada a jefa ta wani gari nesa da mijinta da danginta tana da ɗanyen goyo.

Wannan magana ta haɗa da ku iyayenmu mata masu ƴan aikatau a gida. Matar da ke yi miki wanki da daka da shara, in ta zo da goyonta kada ki ɗaure mata fuska. In ya yi kuka, bar ta ta zauna ta ba shi nono, tuwon ba zai gudu ba. Ke ma kin san zafin naƙuda, kuma ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

NASIHA GA MAZAJE

Ya kai magidanci, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana a wuyanka suke, ko matarka na ɗaukar albashin da ya fi naka. Dukiyarta tata ce, abin da ta ba ka da daɗin rai kyauta ce, abin da ka ƙwace haram ne. Kada ka tura ta aiki tun jikinta bai yi ƙwari ba don kana kwaɗayin ƙarshen wata. Haka kuma in an yi maka sharaɗi tun kafin aure cewa za ta yi aiki, ka kuma yarda, kada ka mai da haihuwa dalilin warware alkawari. Allah ya ce a yi shawara, ku zauna ku biyu ku duba abin da ya fi zama maslaha ga yaron.

Kuɗin mai reno, da abincin da zai sa nono ya kawo, da maganin yaro, duk suna kanka. Kuma ɗaukar ɗanka ba ya rage maka girma. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labari cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. In kana da babur, kai mata yaron a lokacin shayarwa, ko ka ɗauko ta. Mace ta wuni wurin aiki, ta dawo ta hau murhu, ta kwana tana jijjiga, kai kuwa kana fada wurin shan shayi har tsakar dare, wannan ba ya cikin zaman kyautatawa da aka umurce ka da shi.

NASIHA GA IYAYE MATA

Ya ke ƴar'uwa, ɗan nan amana ce, za a kuma tambaye ki a kansa. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin ki fita, da kin dawo ki fara da shi, da dare kuma kada ki hana shi. Ki tambayi ungozoma yadda ake tatsar nono a ajiye cikin mazubi mai tsabta da murfi, a ba shi da kofi ko cokali. Ki kiyayi bulumboti da madarar gwangwani da aka dama da ruwan da ba a tafasa ba, domin zawo ne ke biyo baya, zawo kuwa yana saurin kayar da jinjiri, balle a lokacin zafi.

Ki zaɓi wadda za ki bar wa shi, mai hankali, mai tsabta, mai salla. Ba daidai ba ne a ɗauko yarinya ƴar shekara bakwai daga ƙauye, a raba ta da karatu, a ɗaura mata jinjiri tun safe. An cuci yara biyu ke nan. In kuwa wata ce za ta shayar da shi, to, a sani a mazhabarmu ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a cikin shekarun shayarwa, haramcin aure ya tabbata. Sai a sanar da dangi, a rubuta, don kada wata rana a ɗaura aure tsakanin wa da ƙanwa.

Kuma kamar yadda kike da haƙƙi, akwai haƙƙi a kanki. Awar da aka ba ki ta shayarwa ce, kada ta koma ta zuwa kasuwa ko gidan biki. Kada ki nemi takardar likita ta ƙarya. Yaran da ke jiran ki a aji, da majinyatan da ke jiran ki a asibiti, su ma ƴaƴan wasu ne.

RABON JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A da, mai jego tana cikin kakanni da gwaggwanni, wannan ta dafa ruwan wanka, waccan ta dama kunun kanwa, har a yi arba'in. Yau aiki ya kai ma'aurata garuruwan da ba su da kowa. Maƙwabta su ne danginsu. Ƙungiyoyinmu da makarantun islamiyya na mata suna iya keɓe ɗaki a unguwa, a sami dattijuwa biyu amintattu, a yanka musu abin hasafi daga iyayen yara. An taimaki uwa, an tsare jinjiri, dattijuwa kuma ta sami abin sayen goro ta hanyar halal.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai tambaya, mun ce masa ya ɗauki dattijo ɗaya su je su sami mai makarantar cikin mutunci, su tuna masa Allah, su nuna masa abin da doka ta ce game da awar shayarwa, su roƙi a tattara mata darussanta da safe. In ya ƙi, ofishin sufeton ƙwadago yana nan, kai ƙara don neman haƙƙi kuma ba laifi ba ne. Mun ce ya lallashi mahaifiyarsa, domin tsoronta na gaskiya ne, ya roƙe ta ta zama ita ce mai riƙon jikanta a sa'o'in nan. In kuwa duk an gwada aka ga lafiyar yaron na raguwa, to, rai yana gaba da albashi, wanda ya bar abu don Allah kuma, Allah zai musanya masa da mafi alheri.

Allah ya ba masu ciki sauka lafiya, ya raya abin da aka haifa bisa tafarkin Musulunci. Allah ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna saboda wahalar da suka sha a kanmu. Allah ya sanya tausayi a zukatan shugabanninmu da masu ba da aiki, ya tsare mu daga cin haƙƙin mai rauni. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.